Rizab ɗin Babur ɗin Baba

Babana yana da wani babur baƙi mai faffaɗan tanki, wanda ya saya a Funtuwa tun ina ɗan yaro, shekarar da auduga ta yi masa albarka. Har yau yana nan a zaurenmu na Malumfashi, na lulluɓe shi da tsohon bargo. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun yi ta sintiri har sun gaji, ni kuwa amsata ɗaya ce: ku tafi ku ba ni wuri. Ba don yana da kyau ba ne, salansarsa ma da waya aka ɗaure ta. Shekara talatin da wani abu babur ɗin nan yana kai Baba duk inda ya nufa, sai rana ɗaya tak ya lalace mana a hanya, kuma ita ce ranar da Baba yake sauri ya iske amininsa da rai ya nemi gafararsa.

A gefen hagu, ƙarƙashin tankin, akwai makunnin mai, wani ɗan ƙarfe da bai fi kan cokali ba. In ka kwantar da shi, mai ya rufe. In ka mai da shi ƙasa, mai na sauka. In ka ɗaga shi sama ka shiga rizab ke nan, wato ɗan man da ya rage a gindin tanki, wanda zai lallaɓa da kai zuwa wurin mai sayarwa idan na sama ya ƙare. Babur ɗin ba shi da agogon mai. Jijjiga shi ake yi a kasa kunne, in an ji motsi a ce akwai.

To a gidanmu rizab haramun ne. Baba manomi ne, kuma yadda ya ɗauki irin shukar da ke rataye a rumbu, haka ya ɗauki rizab. Yakan ce manomin da ya ci irinsa ai gonarsa ya ci. A tunaninsa wani ƙaramin tanki ne daban a can ciki, cike da man da aka zuba masa tun a Funtuwa, yana jiran ranar da za a shiga uku. Ranar kuwa ba ta taɓa zuwa ba, domin duk wahalar da ta same shi sai ya ce wannan ba ta kai ba. Akwai lokacin da mai ya ƙare masa yana dawowa daga kasuwar Bakori da Inna, mahaifiyata, a baya. Wallahi sai ya sauke ta, ya tura babur cikin rana, ita tana biye a ƙafa da ƙullin kayanta a ka. Har ta rasu, in ta tuna sai ta ce, "Ga mai a ciki, amma ni aka mayar jaka."

Da na girma na zama malamin firamare, wani bakanike ya kwance makunnin wani babur ya nuna mini. Ashe bututu biyu ne a tsaye cikin tanki ɗaya, dogo da gajere. Dogon yana shan na sama, gajeren yana shan na ƙasa, shi ke nan fa. Ya kuma ce mini in riƙa ɗaga makunnin sama lokaci-lokaci don kada datti ya taru. Na dawo gida da zumuɗi na zauna na yi wa Baba bayani, har da zane a ƙasa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, mun ji. Boko ya kai ka har cikin tanki. Amma in na ga hannunka a wurin nan, sai na karya shi." Na yi fushi, na yi ta ƙunƙuni kwana biyu. Amma ko bayan da gwiwoyinsa suka ƙi, tuƙi ya dawo hannuna, ban taɓa ɗaga makunnin ba. Tsoron bakinsa nake yi, ga kuma lalaci irin nawa.

Aminin nasa kuwa wani manomi ne a wata 'yar unguwa bayan Gozaki. Baffa muke ce masa. Bamaguje ne, ba ya salla, yana kan abin da ya tarar kakanninsa na yi. Tare suka yi ƙuruciya da Baba, tare suka je Funtuwa sayen babur ɗin, shi ne ma mutum na farko da aka goya a kai. Dogo ne, mai dariya kamar ana fasa itace. Duk kaka sai ya aiko mana da sabuwar dawa da zabi biyu, duk salla kuma sai Baba ya kai masa cinyar rago da kansa. In suka zauna a gindin ɗorawa suna tsokanar juna, sai ka rantse yara ne. Shi yana ce wa Baba mai goshin tabarma, Baba yana ce masa tulun burkutu. Ina kewar zaman nan ƙwarai.

Abin da ya raba su ƙarami ne a ido. Shekarar da Baba ya dawo daga Makka, zaure ya cika da malamai da alhazai 'yan barka da sauka. Sai ga Baffa ya tako tun daga ƙauye, da zakara a hammata, yana washe baki yana kiran sunan Baba na yara tun daga bakin titi. Ina tsaye a wurin. Na ga Baba ya dubi mutanen da ke zaune, ya dubi Baffa, sai ya miƙa masa hannu daga zaune kamar baƙon da bai sani ba, ya ce a karɓi kazar a kai cikin gida. Bai ce masa shigo ba. Baffa ya ɗan tsaya, ya ce, "To, Alhaji, barka da sauka," ya juya. Bai taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba, kuma bai sake tako ƙofarmu ba. Dawa ta daina zuwa, cinyar rago ta daina tafiya. Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka.

Baba ya san bai kyauta ba. Ban taɓa jin ya faɗa ba, amma duk wanda ya zo daga wajen Gozaki sai ya zagaya ya zagaya ya tambaye shi yaya damina a can, yaya tsofaffi. In na ce mu je mana, ai zumunta a ƙafa take, sai ya ce bari a gama shuka. An gama shuka, bari a gama noma. An gama noma, bari hanya ta bushe.

Wata Laraba cikin marka, da hantsi, babban ɗan Baffa ya kira ni a waya. Ya ce jikin tsoho ya yi tsanani tun shekaranjiya, kuma tsohon ya ce a gaya wa Alhaji, in yana da magana da shi to ya zo yau. Na iske Baba a zaure yana gyaran igiyar akuya, na faɗa masa. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Fito da babur."

Na ce a samu mota mana, ko rabin hanya ce. Ya ce mota ba ta shiga unguwar da damina, kuma shi ba zai je wa mutumin nan a kan abin haya ba. Na fito da babur na jijjiga shi, na ji mai na motsi, na ce ya isa. A bakin gari muka wuce 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu na fetur a jere, na rage gudu, Baba ya dunguri bayana ya ce, "Wuce! Ka ce akwai." Na wuce. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Mun bar kwalta, mun wuce Gozaki, mun shiga 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki, masara ta fi mutum tsawo hagu da dama. A nan babur ya fara shiƙa. Ya ja, ya saki, ya ja, ya mutu. Na san wannan kukan, man sama ne ya ƙare. Na sa ƙafa a ƙasa na waiwaya.

"Baba, sai rizab fa."

Ya sunkuya da kansa, ya laluba ƙarƙashin tanki, ya yi bisimilla ya ɗaga makunnin. Ya yi tauri, sai da na kama masa. Ya ce, "Yau ce ranarsa."

Na buga kik, babur ya tashi. Baba ya ce, "Ka gani ko, Malam?" Har da 'yar dariyarsa. Ba mu yi tafiyar da ta kai tsawon gona biyu ba ya yi tari, ya yi wata ƙara fat-fat a salansa, ya mutu murus.

Na buga, na buga, na buga har cinyata ta sage. Ina! Na sauke Baba na zaunar da shi a kan kunya. Na buɗe akwatin kayan gyara na kwance fulogi, na goge shi da gefen rigata, na ɗora a jikin inji na buga, wuta na tartsatsi lafiya lau. Na mayar, na ja cok, na sake bugawa. Ko gezau. Na duba waya babu sabis ko ɗigo. Hanya kuma fayau, ranar kasuwa ce, duk mai babur ya fice tun da sassafe. Mutum ɗaya ya wuce mu da mata biyu da buhu a baya, ya ce sannunku, ya ƙara wuta. Na yi masa addu'ar da ba zan maimaita a nan ba.

Sai can na tuna maganar bakaniken nan. Na zare tiyon da ya taso daga makunni zuwa kafireto, inda mai ke bi ya shiga inji, na tara tafin hannuna. Abin da ya zubo ja ne kamar jiƙon kanwa da tsamiya, ga wari na tsatsa. Na zazzage tsohon gwangwanin madarar da Baba ke tara kusoshi a ciki, na tara. Da ya ɗan kwanta sai na ga abin a fili: ɗan fetur siriri yana yawo a sama, ƙasan duk ruwa ne da garin tsatsa. Ruwa ya fi fetur nauyi. Duk raɓar da ta taɓa shiga tankin, duk ruwan saman da ya sulala ta murfi, duk abin da 'yan bumburutu suka haɗa mana da shi, can gindi yake sauka ya kwanta, kuma dogon bututu ba ya kai wa gare shi. Shekara da shekaru yana taruwa ba mai taɓa shi. Rabin motsin da na ji da safe ma shi ne.

Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba linzami. Na kai gwangwanin har gaban fuskarsa.

"Ga man Funtuwa nan! Ga shi nan, Baba, duba da kyau! Shekara talatin kana gadin ruwa! Ka sa Inna tafiya a ƙasa saboda ruwa! An gaya maka, an zana maka a ƙasa, ka ce boko ne. Komai sai ka ajiye, komai sai gobe. Da ka je wa mutumin nan tun bara, da muna nan cikin masarar mutane muna wannan wahala?"

Astagfirullah. Ni ne na faɗa wa mahaifina haka, ina da shekara arba'in da 'ya'ya biyar. Na jira ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin da na fi samun sauƙi. Ya dubi cikin gwangwanin ya daɗe. Sannan ya ce a hankali, "Kullum da niyyar zuwa nake kwana." Ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya kama hanya a ƙafa. Na ce Baba ina za ka, da sauran tafiya fa. Bai waiwayo ba.

Na koma kan babur ina aiki ina share ido da kafaɗa. Na bar tiyon yana zuba a gwangwani, in ya cika in tsiyaye ɗan fetur ɗin saman a murfin akwatin kayan gyara, in zubar da ruwan. Ana cikin haka ya daina zuwa gaba ɗaya, tsatsa ta toshe gajeren bututun. Na kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin, na iske shi cike da laka ja, 'yar rariyar ciki ta zama kamar an shafe ta da kunu. Na wanke ta da fetur ɗin da na tsiyaye. Na buɗe murfin tanki, na sa tiyo a baki na hura iska da ƙarfi har na ji ɓul-ɓul a ciki. Ya saki, ya watso mini a baki, na yi ta tofarwa ina tari. Na ci gaba da tara har abin da ke fitowa ya zama fetur zalla. Sannan na sassauta ɗan sukurun da ke gindin kafireto da sukundireba, ruwan da ya riga ya shiga ya tsiyaye a ƙasa.

Da na gama sai ga wata sabuwa, man da ya rage bai kai ya sauko ba. Na leƙa cikin tanki da hasken waya. Tankin a kan ƙarfen babur yake zaune kamar mangala a bayan jaki, gefe biyu ne, makunni kuma a hagu kaɗai yake. Hagu ya bushe, amma can dama ina hango ɗan ƙyalli. Na rufe murfi, na kwantar da babur a gefen hagu har hannunsa ya taɓa laka, na girgiza shi, na ɗaga. Sai da na sake zubar da ɗan ruwan da ya biyo, sannan na mayar da tiyo. Daga wani ƙauye can nesa na ji kiran sallar azahar tun ina kwance kofi, yanzu kuwa inuwar masara ta fara tsallake hanya.

Bugu na huɗu ya tashi. Ban taɓa jin sautin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na iske Baba bai yi nisa ba sosai. Yana tafe yana jan ƙafa, takalmi ɗaya a hannu, gindin babbar rigarsa duk taɓo, da alama ya faɗi ya tashi. Na tsaya kusa da shi na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ja mu je." Ya hau, ya riƙe ni a kugu da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

Dab da la'asar muka isa. Mata a tsakar gida sun yi jugum-jugum, maza na zaune a gindin ɗorawa. Matar Baffa, tsohuwa 'yar ƙarama, ta fito ta tare mu a bakin ɗaki. Ta ce, "Alhaji, ka zo? Yana nan da ransa. Amma baki ya rufe. Da hantsi garau yake magana, har fura ya sha. Har rana ta take tsaka yana tambaya ko an ga mutumin Malumfashi. Daga nan ne harshe ya karye."

Muka shiga. Dogon mutumin nan ya zama ƙashi a kan gadon kara, idonsa a buɗe yana kallon rufin ɗaki. Baba ya ajiye sanda, ya durƙusa a kan gwiwoyin da ko a salla ya daina lanƙwasawa. Ya kama hannun Baffa, ya kira shi da sunan da suke kiran juna tun suna kiwon awaki. Ya ce, "Ni ne. Na zo. Ranar nan na wulaƙanta ka a ƙofar gidana, don kunyar mutanen da ko sunansu na manta yanzu. Ban kyauta ba. Ka yafe mini don Allah." Ya faɗa, ya sake faɗa, hawaye na bin gemunsa. Idon Baffa ya juyo wajensa a hankali, leɓensa ya motsa, amma ba abin da ya fito. Ni dai na kasa jurewa, na sunkuyar da kai ina kallon hannuwana da baƙin mai.

Washegari da safe Baffa ya cika. Suka yi masa abin da suke yi wa mamatansu, Baba yana tsaye a gefe da sandarsa daga farko har ƙarshe, ya ƙi zama duk da kujerar da aka kawo masa. Da aka watse, ɗan Baffa ya samo mana fetur a kwalba muka kamo hanya.

Mun kusa kwalta Baba ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na tsaya na kashe inji. Ya ce, "Kai da kake kusa. Lokacin da na roƙe shi, na ji kamar an matse mini hannu. Shi ne ya matse nawa, ko ni ne na matse nasa?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Na gani da idona."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Muka tafi.

Shekara huɗu ya yi bayan nan. Tambayar nan kuwa bai daina yi mini ita ba. Muna cin tuwo sai ya ajiye loma ya yi ta, muna dawowa daga masallaci sai ya tsaya a hanya ya yi ta, kamar bai taɓa yi ba. A ciwonsa na ƙarshe ma, ina gyara masa matashi, ya kamo hannun rigata ya ce, "Ka tabbata ka gani?" Na ce na tabbata. Ya lumshe ido ya saki rigar.

Ban gani ba. Kaina a sunkuye yake. Allah Ya yafe mini, ko yau ya tashi ya sake tambayata, abin da zan faɗa masa ke nan.